Rumfar da Muka Yi da Karan Goggo

Goggo ta rasu ranar Talata da hantsi, kwana tara bayan ruwan shuka. Dukanmu na Allah ne, ita dai ta riga mu amsa kira. Ina garin Isa a lokacin, a makarantar da nake koyarwa, kuma kafin in sami mai babur da zai yarda ya bi hanyar ƙauyenmu, har an kai ta. Na iso bayan azahar na tarar da ƙofar gida maƙil da jama'a, suna zazzaune a ƙarƙashin wata ƙatuwar rumfa sabuwa fil, daga bakin zaure har gindin dogonyaro.

Na zauna kusa da Baffa, autan su mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ana ta shigowa ana yi mana gaisuwa. Liman ya ce marigayiya mace ce mai haƙuri, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Na ɗaga kai na dubi masu cewa haka ne, haka ne. Rabinsu Goggo ta taɓa kora daga gonarta da sanda, har da shi limamin, a shekarar da jakinsa ya tsinke. Daga cikin gida ana jiyo kukan mata ƙasa-ƙasa. Wani tsoho da ya zo daga wajen Alkalawa ya shafa fatiha ya ce, "Allah shi jiƙan mai kara." Aka sunkuyar da kai ana danne dariya. Shi kaɗai ya faɗi gaskiya a ranar.

Amma abin da ya fi shan yabo a zaman makokin nan rumfar ce. Duk wanda ya shigo daga cikin ranar nan mai ƙona ƙeya sai ya yi ajiyar zuciya ya ce an yi ƙoƙari, an fitar da Goggo kunya. Ni ma na yaba. Kwana guda da yini na yi a ƙarƙashinta ina karɓar gaisuwa, ban san da karan gonar Goggo aka rufa ta ba, karan da na yi mata alkawari da bakina cewa ba mai taɓa shi sai hatsinta ya kai gwiwa. Shi ya sa nake wannan rubutu raina a ɓace, kuma mafi yawan haushin kaina nake ji. Ba na so a tuna da ita a matsayin mace mai haƙuri. Ina so a tuna da ita yadda take.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. 'Ya'yanta biyu sun rasu suna ƙanana, mijinta ya bi su, ta dawo gidan ubanta ta karɓi rabonta na gona, ba ta ƙara aure ba. Gonar jigawa ce, tana gabas da gari, kuma tsakaninta da gidajen farko maƙabarta ce kawai. Ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun ranar da aka saka ni a firamare na koma Malamin boko, har na yi furfura.

A garinmu in an yi girbi kowa kwashe karansa yake yi: na danga, na rumfa, na wuta, na dabbobi. Abin da ya rage a tara a cinna masa wuta lokacin sharar gona, a bar fili fes kamar tsakar gida ranar salla. Goggo ba ta kwashewa. Sai ta bi ta kwantar da karan layi-layi daga arewa zuwa kudu, ta danne bakin kowane layi da ƙasa, don ya gitta wa iskar hadari da ke zuwa daga gabas. A iyakar gabas kuma tana da jerin ciyawar gamba da ba ta yarda a yanka, ko da kuwa za a kwana ba zana a gida. Mutane suka sa wa wurin suna gonar ƙazama. Ko a jikinta.

In ka tambaye ta dalili, ba ta yi maka dogon bayani. Jira take yi gabas ta haɗa, iska ta fara kaɗawa, sai ta ce ka duƙa.

"Iskag ga ba bisa taka ɓarnatta ba. Duƙa ka gani. Rairai tsalle shika yi, bai wuce guiwa. Shi ka yanke hatsi in yana ƙarami."

Kuma gaskiya ne, ƙwaurinka ne zai ji kamar ana watsa masa allurai, fuskarka lafiya lau. Daga nan ta kai ka bayan gida ta nuna maka katanga, yadda gindinta ya rame sama tana nan da ƙibarta. Ta ce baƙar ƙasa mai laushi, wadda taki ya ratsa, ita iska ke fara ɗauka ta yi gaba da ita, ta bar maka farin rairayi da tsakuwa. Duk kuma inda ta yi karo da wani abu, ko kara ne, ko ƙaya, ko tsohon takalmi, a nan take sauke kayanta. "Ba ta da wayo," in ji Goggo. "Ka aje mata abin tuntuɓe kawai."

Tana da shaida, kuma shaidar dutse ce. Dutsen niƙan mahaifiyarta ne ya tsage, maimakon ta yar, shekarar da ta dawo gida ta kai shi tsakiyar gona ta binne shi a tsaye, kansa daidai da ƙasa. Ta ce don ta riƙa gane tsakiyar gonarta ne. A shekarun farko, tana share gona kamar kowa, sai ta ga dutse yana tsiro. Bana yatsa ɗaya, baɗi ya ƙaru, har ya fito ya wuce faɗin tafin hannunta. Mutane suka ce ai aljanu ne ke turo shi. Goggo ta ce aljanin da ke turo shi daga gabas yake zuwa, kuma kowa ya san shi. Daga shekarar ta fara kwantar da kara. Dutse ya daina tsiro. A hankali, cikin shekarun da ni kaina ba na iya ƙirgawa, ƙasa ta sake hawa jikinsa da yatsa biyu.

Yatsa biyun nan su ne abin da Goggo ta tara a duniya. Yadda wasu tsofaffi ke nuna jika, haka take nuna su. Baƙo bai isa ya kwana biyu a gidanmu ba a ja shi gona ya tsuguna gaban dutse ba, ta ɗan tone gindin dutsen, ta kama hannunsa ta ɗora a kan zanen da ta yi da bakin lauje, ta ce nan ƙasa take a da, ga inda take yanzu. Akwai wani malamin gona da aka taɓa turowa daga Sabon Birni, da takardu a hammata. Ya zo koya mata, ya koma da ƙasa a gwiwar wandonsa.

Rigimarta mafi girma da Baffa ta yi. Wata shekara ta tafi biki ta kwana biyu, Baffa ya shiga gonar da amalanke ya kwashe rabin karan, ya yi wa makewayin gidansa sabuwar danga. Da ta dawo ba ta ko ajiye ƙunshinta ba. Ta wuce gidansa, ta tsaya ta fara kwance dangar nan kara ɗaya-ɗaya, iyalinsa suna kallo.

"Yaya, kara na hwa," in ji Baffa. "Gara ka cin shi banza can."

"Gara ta ci nan, ta aje nan. Kai in ka ɗauka, mi kaka maido min?"

"To ina za mu kewaya?"

"Auta, wanga kuma ba gonata ba ta."

Kwana uku gidan Baffa ba makewayi, suna zagayawa maƙwabta. Wata biyu ba su gaisa ba. Amma hatsin da Baffa ya girbe a kakar shekarar ya ƙare tun kafin azumi, kuma kullum da safe sai a ga ƙwarya a rufe a bakin zaurensa. Bai tambayi daga ina ba, ita ma ba ta ce komai ba. Haka suke, yana da jikoki tana ce masa Auta a gaban surukansa.

Ni ma na sha nawa rabon. Da na fara koyar da labarin ƙasa, na zo hutu da littafin aji, ina ji da kaina. Ta ce in gwada mata abin da ake biyana albashi a kansa. Na buɗe mata hoton da na fi so, na ƙasashen sanyi. Na ce a can ƙanƙara ce ke taruwa a kan manyan duwatsu shekara bisa shekara, ba ta narkewa, har nauyinta ya sa ta fara gangarowa kamar kogi, amma tafiyar da ido ba ya gani. Tana tafe tana jan duwatsu a ƙarƙashin cikinta, su kuma suna gurzar dutsen da take bi ta kansa, har ta fafe kwari mai faɗi a tsakiyar tsauni. Inda ta narke kuma sai ta zubar da tarin tsakuwa da ɓaraguzai ta bar su nan.

Goggo ta daɗe tana kallon hoton, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa.

"Niƙa dai taka yi ke nan."

Na ce haka ne, niƙa ne.

"Ka taɓa ganin ta?"

"A'a, Goggo."

"Ɗiyan da kaka koya ma hwa?"

"Su ma ba su taɓa ba."

"To wagga da ka niƙe gonakin uwayensu, ina nata hoto?"

Na lalubo mata. Shafi biyu ne, da hoton wani tulin rairayi a wata hamada mai nisa, ba gona, ba mutum. Na fara kame-kame cewa ai ƙanƙarar ce ta fi fitowa a jarrabawa. Ta rufe littafin ta miƙo mini. Ba ta raina ƙanƙarar ba, don daga baya na ji tana ba mata labarinta a bakin rijiya, har da ƙari. Abin da ta ce kawai shi ne in kawo yaran su auna dutse. Na ce in sha Allahu zangon karatu mai zuwa. Da farko mota ce ba a samu ba, daga baya shugaban makaranta ne bai sa hannu ba, daga baya kuma hanya ta lalace da 'yan bindiga, ba uban da zai ba ka ɗansa. Shekara ashirin da wani abu ina zana wa yara kwarin ƙanƙara a allo, ban kai ko ɗaya ya ga dutsen Goggo ba.

Lalacewar daji ita ta mayar da kara abin nema. Da, mata da jakuna suke shiga su yo itace. Yanzu ba mai yin nisa da gari sai wanda ya gaji da ransa. Itatuwan kusa an cinye su, saura kututture. Kara ya zama shi ne itace, shi ne abincin dabba, shi ne inuwa, kuma kafin tsakiyar rani babu ko tsinke a gonakin garin. Gona ɗaya ce tak ke kwance da karanta har faɗuwar ruwa. Don haka Goggo, da shekarunta sun haura tamanin, kullum tana can gindin gawo da sandarta tun safe har la'asar, tana gadin abin da kowa ke gani shara ne.

Mutum ɗaya ce ke zama da ita, wata Bafillatana aminiyarta da muke kira Inna. Shekaru da dama shanun gidan su Inna ne ke sauka a gonar da rani, bisa sharaɗin su ci ganye su bar taki, kara kuwa a bar shi inda yake. Da aka kore musu shanun nan gaba ɗaya, suka dawo gefen gari ba su da ko akuya, Goggo ta yanka wa Inna wani yanki a bayan gamba, inda ƙasa ta fi baƙi a duk gonar. Ba ta shawarci kowa ba. Da Baffa ya yi magana, ta ce takin shanunsu ne ya yi ƙasar, kayansu ta mayar musu.

Ganina na ƙarshe da ita ranar Juma'a ce, kwana huɗu kafin rasuwarta. Tari ya kwantar da ita, ba ta iya fita. Ta sa na je gona na dawo na ba ta labari: hatsi ya fito, ya kai tsawon ɗan yatsa, kara yana nan a layinsa, gamba tana tsaye. Ta ce dutse fa? Na ce yana nan yadda ta bar shi.

"Malamin boko, ni ba ni ganin kakab bana."

Na ce haba Goggo, ta daina irin wannan magana.

"Yi min shiru. Babbar iska ba ta zo ba tukuna. Kar ka bari a taɓa karan nan sai hatsi ya kai guiwa. Auta jira shikai in kwanta."

"Na yi alkawari."

"Hwaɗi da ƙarhi, ba ni ji."

Na faɗa da ƙarfi, har matan tsakar gida suka yi dariya.

Ranar Talata, ina tsaye a tasha ina roƙon masu babur, Baffa ya kira ni a waya. Ya ce jama'a za su cika, babu itacen dahuwa, babu inuwa, yaya za a yi? Na ce, "Baffa, a yi duk abin da ya sawwaƙa." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na sha gaya wa kaina cewa hankalina ba ya jikina a lokacin, kuma gaskiya ne. Amma ni ɗan garin ne. Na san wuri ɗaya ne kawai abu ya sawwaƙa.

Ranar Laraba da la'asar aka ce Inna tana kirana. Na same ta a bayan gida, zaune a rana tsakar-tsakar, ga akushin tuwo a gabanta ba ta buɗe ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta shigo inuwa mana.

"Ba ni zama inuwag ga. Ba ni cin tuwon ga."

Na tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai.

"Ɗana, kai anka ce kana da karatu. Ɗaga kanka ka dubi rumhwad da kaka zaune ciki. Ba ka ga ƙasa ga bakin karan ba? Ba ka ga cin gara ba? Tun ba a wanke ta ba anka shiga da amalanke. Gamba ma sun yanke, ita ta bisa."

Na koma na tsaya a bakin rumfar na duba. Kowane kara da busasshiyar ƙasa a gindinsa, inda Goggo ta danne shi da ƙafarta. Ban yi wa kowa sallama ba na bi ta gefen maƙabarta na nufi gona.

An share ta tas. Ban taɓa ganin gonar Goggo da tsabta haka ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi muni ba. Sawun amalanke ya ratsa ta ko'ina. Hatsin yana nan, 'yan tsirarai kore shar, layi bayan layi, ba abin da ya tsaya tsakaninsu da gabas sai Allah. Yankin Inna ma haka, gambar da ke kare shi saura guntaye.

Na dawo na ja Baffa cikin zaure. Na ce a kwance rumfar nan yau, a mayar da abin da ya rage. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ina kaka so in zamnad da mutane? Rana? Gobe addu'ar uku, surukaina na Bafarawa na tahe. A ce Yaya ta mutu an rasa inuwad da za a yi mata addu'a?"

Na ce ita da kanta ta hana.

"Na sani. Ni na hi ka sanin ta. To wa za shi daji shi yo muna itace? Kai? Hwaɗa min ɗan wa za ni aikawa, in ba ya dawo ba in ce ma uwatai mi?"

Bai yi ƙarya ba. Ya sassauta murya ya ce rabin karan ma ya riga ya shiga murhu, in yi haƙuri a yi bakwai, ranar da aka tashi shi da kansa zai ɗaura wa shanu amalanke. Na leƙa waje na dubi sama, garau take, ko ɗigon gajimare babu. Na hango kaina ina zare kara a kan liman da dattawan gari, gobe a ce ɗan boko ya rushe rumfar makokin wadda ta raine shi. Goggo ta kwance dangar makewayi gaban mata da yara ba ta ji kunyar kowa ba. Ni na ce to, Allah ya kai mu bakwai ɗin.

Kwana uku ina zaune a ƙarƙashinta da sanina. Ina amsa amin, idona yana gabas. Duk wanda ya yaba inuwar sai in ji kamar in tashi in bar garin. Inna kuwa kullum tana zuwa, ta zauna a ranarta, ta tashi ba ta ci komai ba.

Ranar Asabar, kwana biyar, bayan azahar iska ta ɗauke ɗif, zafi ya yi nauyi. Sai gabas ta yi ja daga ƙasa. Tsofaffi suka fara naɗe tabarmi ba wanda ya ce da su. Kafin a kwashe buta da akushi ta iso. Ba ta daɗe ba, bai fi a ci tuwo a wanke hannu ba, amma rumfar da muka ji kunyar kwancewa ita ta fara ɗauka. Ta ɗaga ta gaba ɗaya ta watsa karan a kan soraye da lunguna, dirkoki suka rage a tsaye. Ina maƙale a bakin zaure ina jin rairayi yana dukan ƙwaurina, daidai inda Goggo ta ce. Ruwan da ya biyo baya ko ƙasa bai jiƙa ba.

Da ta lafa muka tafi gona mu uku, ni da Baffa da Inna. Hatsin ya tafi. Wani an yanke shi daga gindi, wani ya yi baƙi kamar an babbaka, wani yana kwance saiwarsa a waje, na yamma kuma rairayi ya binne shi. Fuskar gonar ta yi fari. Inna ta zagaya yankinta sau ɗaya, ta tsuguna ta tono wani tsiro ta duba, ta mayar ta rufe. Na hango dutsen daga nesa, na kasa zuwa kusa da shi.

A hanyar dawowa Baffa ya ce mu tsaya mu yi mata addu'a. Kabarin sabo ne, an lulluɓe shi da ƙaya kamar yadda ake yi saboda karnuka da dabbobi. Sauran kaburburan duk iska ta share su. Nata kuwa ƙayar ta kusa ɓacewa, ƙasa ta taru a kanta ta yi tudu ta gefen gabas, kuma ba farin rairayi ba ce. Baffa ya duƙa ya ɗebo, ya murza a tafin hannunsa, ya kai hanci. Ya daɗe a haka.

"Wagga ta bayan gamba ta," in ji shi.

Inna ta ce, "Ƙaya kaɗai tat tare mata."

Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba sai ranar, kuma ban ji tausayinsa ba a lokacin, don na fi shi laifi. Shi bai yi alkawari ba.

Washegari ba a koma zaman makoki a waje ba, masu zuwa suka riƙa cunkusuwa a zaure. Ni da Inna muka bi lungu-lungu muna tsintar kara, wani a kan soro, wani a bakin rijiya, wani kuma mun tarar har an ja shi cikin gida an ce tsintuwa ce. Abin da muka tara bai rufe sulusin gonar ba. Muna cikin kwantarwa sai ga amalanke, Baffa yana jan shanun da kansa, an loda kara har sama. Na gane igiyar da ke jiki. Dangar makewayinsa ce, da ta garken awaki, ya kwance su duka.

Ya sauke bai dube ni ba, ya ce, "Ta wane gehe taka kwantad da shi?"

Na nuna masa, arewa zuwa kudu. Ya yi layinsa a karkace, Inna ta bi tana gyarawa tana faɗa, kamar yadda mai gonar za ta yi.

Mun sake shuka bayan ruwa na gaba, a makare. Ban san ko zai nuna ba, kuma a cikinsa abincin gidan Inna yake. Gamba za ta sake tohowa in an bar ta. Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata zafin bakinta, ya sa abin da ta ciyar a ɓoye ya tsaya mata. Mu kuma ya yafe mana inuwar da muka sha.

Ranar da zan koma Isa na daure na je wurin dutsen. Na tsuguna na nemi zanen lauje, na share jikinsa, na ɗora hannuna yadda take ɗora na baƙi. Ƙasar da ta hau ta sauka, zanen ya fito fili, sai tabon da ta bari a jikin dutsen. Na auna abin da ya tafi sau biyu, ko na yi kuskure. Yatsa biyu ne cif, kuma yatsuna sun fi nata kauri.